Tambaya da Amsa: Haska Filin Ƙwallo da Sola, Daga Filayen Besbol na Amurka Zuwa Filayen Unguwanninmu a Sudan

Wasiƙun da suka taru mana a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke: yadda za a haska filin wasa da dare ba tare da jiran wutar gwamnati ko sayen man janareta ba. Masu aikin haɗa sola da ke amsa tambayoyin wannan shafi sun duba su, ga amsoshinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mini hoton wani filin wasan besbol na ƙananan ƙungiyoyi, an jera farantan sola a kan rumfar 'yan kallo da wurin ajiye motoci. Ya ce da hasken rana filin yake aiki. Abin da ya ɗaure mini kai, ai da dare ake wasan. Yaya abin yake, kuma za mu iya kwaikwayonsa a filin unguwarmu? Daga shugaban wata ƙungiyar ƙwallo, Gadarif.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ɗanka bai faɗi ƙarya ba, amma akwai abin da hoton bai nuna maka ba, wato wayar da ta haɗa filin da wutar gari.

Ƙananan ƙungiyoyin besbol da ke ƙarƙashin babbar gasar Amurka su 120 ne tun sabon tsarin da aka yi a 2021, a matakai huɗu. Kakar wasansu tana farawa daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ta ƙare a Satumba, kuma kowace ƙungiya tana buga wasa 66 zuwa 75 a gidanta, yawanci da yamma ko da dare. Ka ga ke nan a cikin kwana 365, kwanakin da filin ke cin wuta sosai ba su kai 80 ba, su kuwa farantan kullum rana ta fito sai sun yi aiki. Wutar da suka samar da rana tana shiga layin kamfanin lantarki, mita ta rubuta. Da dare filin ya jawo wuta daga layin, mita ta sake rubutawa. A ƙarshen wata ko shekara a cire wannan daga wancan. Layin gari ya zama musu rumbu: su zuba da kaka, su ɗiba da bazara. Idan aka ce filin "da sola yake aiki", yawanci wannan lissafin na shekara ake nufi, kuma sau da yawa wani kaso ne kawai na wutar sola ke biya.

Ko a manyan filaye haka abin yake. A 2007 ƙungiyar Giants ta San Faransisko ta kafa faranti 590 a filinta, masu ƙarfin kusan kilowat 120, kuma layin gari wutar take shiga. Filin Ajax na Amstadam yana da faranti 4,200 a rufinsa, amma sai a 2018 aka ƙara masa babbar ma'ajiyar batura mai ƙarfin megawat 3, wadda aka haɗa har da baturan motocin Nissan Leaf.

To ga inda muka sha bamban da su. Inbatar da ake amfani da ita a irin wannan tsari, wato na'urar da ke juya wutar farantai ta zama irin ta gida, da zarar an ɗauke wutar gari sai ta kashe kanta cikin ƙiftawar ido, ko da rana na tsaka. Da gangan aka ƙera ta haka, don kada ta tura wuta cikin layin da ma'aikaci ke gyara ta hallaka shi. A nan kuwa, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 wuta ba ta da tabbas, bare yanzu. Wanda ya kwafi tsarin Amurka yadda yake, ya sayi faranti da irin waccan inbata, zai zauna cikin duhu ranar da ya fi buƙatar haske. Namu lissafin daga dare yake farawa: fitila nawa, awa nawa, batir nawa zai ɗauke su. Farantai su ne na ƙarshe a lissafi, ko da yake su ne ido ya fi gani.

TAMBAYA: Malamai, muna da filin 'yan biyar-biyar, tsawonsa mita 40, faɗinsa mita 20. Muna wasa daga bayan sallar isha'i, kamar awa huɗu. Don Allah ku yi mana lissafin kayan da za mu saya, kada mai shago ya yi mana yadda ya ga dama. Daga sakataren wata ƙungiyar matasa, Kassala.

AMSA: Ɗan'uwa, ɗauko biro da takarda.

Da farko haske. Ana auna hasken da ya sauka a ƙasa da ma'aunin laks. Ƙa'idar Turai ta filayen ƙwallon ƙafa ta ba da laks 75 don atisaye da wasan nishaɗi, 200 don matsakaiciyar gasa, 500 don babbar gasa. Ƙaramin fili wasansa da sauri yake, don haka mu ɗauki 100. Filinku murabba'in mita 800 ne, sau 100, lumen 80,000 ke nan ake so ya taɓa ƙasa (lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa). Amma kusan rabin hasken fitila a waje yake zubewa, ƙura da tsufa kuma su ci kashi ɗaya cikin biyar na sauran, abin da ke isa fili bai wuce kashi 40 cikin ɗari ba. Saboda haka fitilun su fitar da lumen 200,000. Fitilar LED ta kirki tana ba da lumen 130 a kowane wat, ya kama wat 1,540 ke nan. Ku sayi fitila takwas masu wat 200, jimla wat 1,600, ku ɗora biyu-biyu a kan turaku huɗu masu tsayin mita 8. Kada turken ya gaza haka. Gajeren turke yana jefa haske cikin idon mai tsaron gida, tsakiyar fili kuma ya zauna da duhu.

Sai wutar dare. Wat 1,600 na awa huɗu kilowat-awa 6.4 ne. Ku ƙara lasifika da fanka da ƙwan ofis, a ce 7. Inbata tana cin kusan kashi 10 cikin ɗari wajen juya wutar batir ta zama ta gida, don haka batir zai fitar da 7.8 kowane dare.

Batir iri biyu ne a kasuwa. Na litiyam, irin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa kullum ba tare da an cuce shi ba. 7.8 a raba da 0.8 ya ba da kusan 10, wato guda biyu masu bolt 51.2, amfiya-awa 100. Na dalma, mai ruwa ko busasshe, rabi kawai ake sha, sai an tanadi kilowat-awa 15.6. Mai bolt 12, amfiya-awa 200, yana ɗauke da 2.4, kuma huɗu-huɗu ake jera su don a sami bolt 48, saboda haka takwas za ku saya. A ra'ayinmu, a zafin Kassala, in da hali a sayi litiyam. Batirin dalma rayuwarsa tana raguwa da rabi duk lokacin da zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 8 zuwa 10 a kan 25, kuma kun san abin da ɗakin kwano yake zama a watan Mayu.

Yanzu farantai. Ƙasarmu tana samun cikakkiyar rana ta awa biyar da rabi zuwa shida a yawancin shekara, amma a yi lissafi da awa 5 saboda damina da ƙura. Faranti ba ya ba da duk abin da aka rubuta a bayansa, ka sa ran kashi 75 cikin ɗari bayan an cire asarar zafi da datti da waya. Ana buƙatar mayar wa batir kusan 8.2. Raba da 5, ka sake rabawa da 0.75, ka sami kilowat 2.2, wato faranti huɗu masu wat 550. Huɗun nan daidai wa daida ne, babu rara. Ku sa shida, don in hadari ya rufe rana yini guda batir ya iya farfaɗowa washegari.

Inbata ta zama mai bolt 48, kilowat 5, mai kwantirolar cajin batir irin ta MPPT a cikinta, mai iya aiki babu wutar gari, a kan hez 50 irin na Sudan. Za ka ce nauyinmu bai kai kilowat 2 ba, me ya kawo 5? Fitilun LED suna fizgar wuta mai yawa a daidai lokacin kunnawa, takwas a tare suna iya sa ƙaramar inbata ta yi ƙara ta mutu. Ko da babbar ce, a raba su makunni huɗu, a riƙa kunna turke ɗaya bayan ɗaya.

Abu guda da za ka duba da idonka a shago: iyakar bolt ɗin da inbatar ke karɓa daga farantai. Faranti mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa nauyi ba, shida a jere bolt 300 ke nan. Inbatar da aka rubuta mata 450 ko 500 za ta ɗauka. Wadda iyakarta 145 ce, nan take za ta ƙone, ita sai a jera biyu-biyu layi uku. Bolt 300 na farantai yana kisa, kuma birekar wutar gida ba ta iya yanke shi, wuta ce za ta ci gaba da tartsatsi a cikinta. A sayi bireka da fis waɗanda aka rubuta DC a jikinsu, wato na irin wutar farantai.

TAMBAYA: Mu babban fili ne da mu, amma da azumi kawai muke gasar dare. Sola ko janareta? Daga wani ɗan kwamitin gasar Ramadan, Mai Wurno.

AMSA: Malam, in dai dare 30 ne kawai a shekara, janareta. Cikakken fili mai mita 105 da 68 yana buƙatar fitilu na kusan kilowat 10 ko da a laks 75, da turaku masu mita 15 zuwa 18. Wasan awa uku zai ci kilowat-awa 30, abin da janaretan dizal zai yi da lita 10 zuwa 12. Da sola kuwa sai an tanadi batirin litiyam na sama da kilowat-awa 40, wanda zai zauna wata goma sha ɗaya yana tsufa ba aiki. Sola tana biyan kuɗinta ne idan akwai abin da zai ci wutar kullum: famfon ban ruwa, masallaci, makaranta ko shagunan da ke jikin filin. In akwai su, a haɗa kai a yi tsari ɗaya, filin ya ari wutar da azumi.

TAMBAYA: Wani ɗan kasuwa ya kawo mana fitilu masu farantinsu da batirinsu a jiki, an rubuta wat 1,000, kuma da araha. Ya ce guda goma sun ishe mu. Mu saya? Daga wani kocin yara, Sinnar.

AMSA: Kada ku saya don wasa, ɗan'uwa. Araha ba ta ado. Ka juya kwalin ka karanta batirin. Yawanci za ka ga bolt 3.2, amfiya-awa 30 ko ƙasa da haka. Ninka su, wat-awa 96 ke nan. Raba da awa huɗu, ka ga fitilar ba za ta wuce wat 24 ba. Goma sun ba ka wat 240, alhali ƙaramin fili ma 1,600 yake so. Ƙari a kan haka, da yawansu suna rage haske da kansu bayan awa ɗaya don batir ya kai asuba. Suna da amfani a ƙofar shiga, da hanyar banɗaki, da wurin ajiye babura.

TAMBAYA: Bara aka haɗa mana sola a filinmu da baturan dalma takwas. Da farko har sha biyun dare muke kaiwa. Yanzu ko a tafi hutun rabin lokaci ba a yi, sai inbata ta fara kuka fitilu su mutu. Wanda ya haɗa mana ya ce mu sake batura duka. Kafin mu tara kuɗi, me za mu duba? Daga ma'ajin wata ƙungiya, Gadarif.

AMSA: Alhaji, mai yiwuwa baturan sun gaji, amma kafin a saye sababbi a gano abin da ya gajiyar da su, in ba haka ba sababbin ma baɗi war haka sun bi sawu.

Ku fara da tambayar ko batir yana cika. Da magariba, kafin a kunna komai, bayan baturan sun huta kamar awa guda, a auna su da mita. Cikakken layin dalma mai bolt 48 yana nuna kusan 51. In ya nuna 48 da ɗigo kaɗan, rabi ne a cikinsa, matsalar daga caji take. Batirin dalma da ke kwana yana wuni bai cika ba, wani farin gishiri yake daskarewa a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, bayan 'yan watanni ba ya sake narkewa. Wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe batura, kuma asalinsa ƙarancin farantin sola ne ko datti.

Ku hau ku shafa yatsa a kan gilashin. In yatsan ya bar layi, kuna asara. Habub ɗaya, wato guguwar ƙura, yana iya cinye kashi ɗaya cikin biyar na wutar, ko fiye. A lokacin rani a wanke sau ɗaya a mako, da kuma bayan kowace guguwa. Da sassafe ake yi, gilashi na da sanyi, da ruwa mai daɗi da tsumma mai laushi. Ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha ranar azahar yana iya tsaga shi, ruwan rijiya mai gishiri yana barin farin tabo, gogar ƙura a bushe kuma tana karce gilashin. Kashin tsuntsu a kankare shi da wuri, domin gurbin da ya rufe yana yin zafi har ya ƙone.

Sai inuwa. Ku tsaya ƙarfe tara na safe da ƙarfe uku na yamma ku duba ko inuwar turken fitila, ko tankin ruwa, ko reshen dalbejiya tana ratsa farantan. Siririyar inuwa a kan faranti ɗaya tana rage wutar duk layin da yake ciki. Zafi ma yana da nasa kason: faranti yana rasa kusan kashi 0.35 cikin ɗari a kowane digiri sama da 25, kuma da tsakar rana jikinsa yana kaiwa 65, asarar kashi 14 ke nan. In an manna shi a kan kwano babu tazara, ya fi haka. A ɗaga shi santimita 10 zuwa 15 iska ta ratsa.

In da magariba mita ta nuna batir ya cika amma duk da haka yana mutuwa da wuri, a kunna fitilu, bayan minti 30 a auna kowane batir shi kaɗai. Sau da yawa za a tarar bakwai suna kan bolt 12 da ɗoriya, ɗaya ya faɗi zuwa 10 da rabi. Wannan ɗayan ne ke jan sauran ƙasa. A cire layin da yake ciki, a yi wasa da rabin fitilu a kan lafiyayyen layin har a sami kuɗi. Sabon batir a cikin tsofaffi ba ya daɗewa, don haka layi guda ake sauyawa gaba ɗaya. In masu ruwa ne, a buɗe murafun kowane wata a ƙara ruwan batir tatacce har ya rufe farantan ciki. Ba a ƙara asid, ba a zuba ruwan famfo.

Na ƙarshe waya. Ku taɓa kan batir da wayoyin da suka shiga inbata ana tsakiyar wasa. In da zafi, ko dai kusoshin sun saki, ko wayar ta yi siriri. Tsakanin batir da inbata mai kilowat 5 ana so waya mai kaurin murabba'in milimita 35, gajeriya. Zuwa turaku kuwa, amfiya 7 a kan waya mai murabba'in milimita 2.5 a tazarar mita 100 tana zubar da kusan bolt 10, mai milimita 4 kuwa 6 da kaɗan, don haka 4 za a sa. A kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago. In jan ya tashi fari ya bayyana, alminiyam ce aka yi wa rufin tagulla, a bar musu abinsu.

TAMBAYA: Ni ina sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara a bakin filin unguwarmu. Kwamiti sun ce in na jona firizata batirinsu zai mutu. Gaskiya ne? Daga wata uwa, Kassala.

AMSA: Hajiya, suna da gaskiya in da dare ne, ba su da ita in da rana ne. Faranti shida irin waɗanda muka lissafa a sama suna ba da kilowat-awa 13 da ɗoriya a ranar rani, batir kuwa 8 yake sha, saura kusan 5 da ke tafiya a banza da zarar ya cika. Firizar gida tana cin 2 ko ƙasa da haka a yini. A sa mata agogon kunna-kashe, ta kama ƙarfe tara na safe ta tsaya ƙarfe huɗu na yamma, ki cika ta da robobin ruwa su daskare su riƙe sanyi har dare. Ranar da hadari ya rufe gari a kashe ta. Ku yi yarjejeniyar abin da za ki riƙa ba kwamiti a wata, a ajiye shi don sayen batir na gaba.

TAMBAYA: Ina ya fi dacewa a kafa farantan don kada ƙwallo ta fasa su? Kuma turakunmu biyu sun karkace bayan daminar bana. Daga wani mai kula da fili, Gadarif.

AMSA: Baba, gilashin faranti kaurinsa milimita 3.2 ne a yawancinsu, kuma gwajin da ake yi masa a masana'anta da dunƙulen ƙanƙara ne mai faɗin milimita 25, a gudun mita 23 cikin daƙiƙa. Ƙwallon ƙafa gram 410 zuwa 450 ce. Ba lalle ta fasa gilashin ba, amma tana tsattsaga ƙwayoyin ciki yadda ido ba ya gani, wuta ta yi ta raguwa. A filayen besbol ƙwallon gram 145 ce kawai, sai dai da tauri take kuma tana tashi da gudun da ya haura kilomita 160 a awa, shi ya sa suke kai farantansu wurin ajiye motoci da saman rufi. Ku ma kada ku kafa a bayan raga. Ku yi rumfa a gefen fili wajen tsakiya, farantan su zama rufinta, 'yan kallo su sami inuwa. Su fuskanci kudu, a karkace digiri 15, wanda ya yi daidai da matsayin Gadarif da Kassala kuma yana barin ruwan sama ya wanke ƙura. A ja ragar kariya mai siririn zare mita biyu ko uku daga jikinsu. Kan kusoshin a ɗiga musu walda saboda ɓarayi, batura kuma su zauna a ɗakin bulo mai tagogin iska sama da ƙasa.

Karkacewar turaku kuwa aikin baƙar lakar Gadarif ce, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Ramin mita ɗaya bai fita daga ƙasar da ke motsi ba. Ga turke mai mita 8 a haƙa aƙalla mita biyu, a zuba kankare mai rodi, a cike gefensa da yashi da tsakuwa maimakon lakar da aka haƙo, a kuma yi wa gindin gangare don kada ruwa ya kwanta. Dogayen turaku na babban fili sai injiniyan gini ya duba ƙasar tukuna. Kowane turke a haɗa shi da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa saboda tsawa, a sa na'urar kare tsawa a layin farantai da layin fitilu. Wayar da ke zuwa turaku a binne ta santimita 60 a cikin bututu, a kan shimfiɗar yashi, a bar mata ɗan sassauci a kowane gindi don in ƙasa ta tsage kada ta tsinke ta. Masu filaye a Fot Sudan su kuma gishirin iskar teku ne abokin gabarsu: ƙarfen ya zama mai rufin tutiya, kusoshi na ƙarfen da ba ya tsatsa, fitilu kuma masu lambar IP66, wato waɗanda ƙura da ruwa ba sa shigarsu.